Kan ƙarar da ke gaban motarka

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, kuma hankalina bai kwanta ba da na ji har an canza maka shokozoba biyu amma ƙarar tana nan daram. Don Allah ka dakata da sayen kaya haka. Ƙarfe yana kai sauti nesa. Abu na bugawa a ƙafar dama, kai kuwa sai ka rantse daga ƙarƙashin sitiyari yake fitowa.

Fara gano lokacin da take yi. Samu filin ƙasa, ka sa giyar ƙafa huɗu, wato wadda ke sa inji ya ja duka tayoyi huɗu, ka murɗe sitiyari har ƙarshe, ka riƙa zagayawa a hankali kana ɗan ba ta wuta. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, kan shaf ne na wajen taya, wato gaɓar da ke ƙarshen sandar da ke juya tayar. Leƙa bayan tayar, galibi za ka tarar robar da ke rufe gaɓar ta yage, baƙin giris ya fantsama ko'ina, yashi ya samu ƙofa. Kada ka yi wannan gwaji a kan busasshiyar kwalta. Motar da ake sa wa wannan giya da hannu tana ɗaure gaba da baya wuri guda, sai ta yi ta turjewa tana ƙara a kwana alhali lafiyarta ƙalau.

Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu yawanci boris ne, wato zoben ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. In ka karkata hagu nauyi ya koma dama gurnanin ya ƙaru, fara zargin na dama. Tayoyin daji masu manyan haƙora ma suna gurnani, sai dai nasu yakan sauya in titi ya sauya.

Wanda ya fi damuna shi ne bugun nan da ka ce kana ji in ta faɗa rami. Ɗaga gaban da jak, ka tokare ta da ƙarfen tokara, kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita. Kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In ka ji wasa, sa wani ya taka birki ka sake. Wasan ya ɓace, boris ne. Yana nan, bol joyin ne, wato gaɓar da ke haɗa ƙafar da hannun ƙarfen da ke riƙe da ita. Wani bol joyin ba ya nuna kansa da ƙarfin hannu, sai ka zura dogon ƙarfe ƙarƙashin tayar ka ɗaga, idonka a kan gaɓar. Sannan ka kama tayar gefe da gefe, wasan nan na tayarod ne, wato sandar da ke kai motsin sitiyari ga taya. Bol joyin da tayarod ba a lallaɓa su. Bol joyin in ya fita, ƙafar kan kwanta ne gaba ɗaya, mota kuma na cikin tafiya.

Sauran ƙanana ne: notin taya da ya saki, farantin kariya na ƙarƙashin inji da dutse ya lanƙwasa, tsakuwa a bayan faifan birki, ko bushin ɗin sitabilaiza, wato robar sandar da ke rage tangaɗin mota a kwana, da ya cinye yana ƙwanƙwasawa a gargada. Da notin tayar za ka fara ma, yau ɗin nan.

Ina roƙonka ka ɗage tafiyar dajin nan har ka duba ƙafafun. In ka gama, rubuto mini abin da ka gani, da ko ƙarar tana zuwa da birki, da kwana, ko da rami kaɗai.

Ka gaishe mini da mutanen gida. Allah ya tsare hanya.

Naka,
Amininka