A ɗauki mutum ɗaya, a yanka masa albashi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na saurari shirinku a kan garuruwan da cikinsu ya mutu tun da aka karkatar da babban titi ya bi ta bayan gari, sai na ji kamar da garinmu ake. Bara da na je gida, layin 'yan tireda inda muke sayen alawa muna yara, shago huɗu kacal na tarar a buɗe. Sauran an garƙame su, kwado ya yi tsatsa, awaki na tuƙa a baranda. Mai shayi da mai faci duk sun bi motoci zuwa sabuwar tasha.

Baƙinku sun yi ta kiran gwamnati ta kawo ɗauki. Ban ƙi ta tasu ba, amma bari in faɗi abin da idona ya gani. Ina zaune a Louisville ta jihar Kentaki a Amurka, kuma tafiyar kamar awa ɗaya daga nan akwai wani ƙaramin gari, Madison, a bakin kogin Ohio cikin jihar Indiyana. Mutanensa ba su wuce dubu 12 da 'yan kai ba. Jiragen ruwa ne suka yi masa arziki a ƙarni na 19. Daga baya sababbin unguwanni da manyan kantuna suka haye kan tudu inda ake da filin ajiye mota, aka bar tsohon layin kasuwa a ƙasa yana hamma.

A 1977 wata ƙungiyar kare wuraren tarihi da ba ta neman riba, National Trust for Historic Preservation, ta zaɓi garuruwa uku don gwaji na shekara uku kan farfaɗo da tsofaffin layukan kasuwa: Madison, da Galesburg a Illinois, da Hot Springs a Dakota ta Kudu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne kowane gari an ajiye masa ma'aikaci guda, ba shi da wani aiki sai wannan layin. Shi zai bi shago-shago, ya lallashi mai gini ya ɓamɓare fallayen ƙarfen da aka rufe fuskar tsohon bulo da su, ya gyara taga, ya sa saman benen da ke zaune haka nan a haya. Shi zai tara 'yan kasuwar da ba sa ga-maciji da juna su yi talla tare. Aiki ne na naci, irin na mai haƙar rijiya. Da aka ga ya yi tasiri, a 1980 aka buɗe masa cibiya ta ƙasa, yau garuruwa da unguwanni fiye da dubu ke bin tsarin, galibi ta hannun ƙungiyoyin 'yan gari.

Kuma ba a kan fako aka yi shukar ba. Tun 1960 mutanen Madison suke da ƙungiyarsu ta ceton tsofaffin gine-gine, har a 2006 gwamnatin tarayya ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na ƙasa. Ranar Asabar da safe za ka ga manoma sun baje tumatir da zuma kewaye da maɓuɓɓugar ruwan titin Broadway. Sai dai kada in zuzuta: shaguna da dama na kayan tsaraba ne da tsofaffin kayan ɗaki don baƙi, cefanen gida kuwa da yawa kan tudun suke hawa su yi.

To mu fa? Wane gari ne a Arewa ba shi da ƙungiyar ci gaba? Tamu takan yi taro washegarin Sallah. A kafa rumfa, a kira babban mai ƙaddamarwa, maroƙi ya shelanta alkawuran da rabinsu ba za su shigo ba, a buga kalanda, a yi wa ƙofar gari fenti, kowa ya kama hanyar Abuja ko Kano sai baɗi. Ni ma da laifina, ina tura nawa kason, ban taɓa tambayar me aka yi da shi ba.

Da za a ware kuɗin rumfa da kalandar nan, ai sun isa albashin matashi ɗaya mai zaune a gari. Ya ɗauki littafi ya rubuta kowane rufaffen shago da mai shi. Na tabbata zai tarar da dama rigimar gado ce ta kulle su, kuma wannan aikin mai unguwa ne da liman, wani lokaci da alƙali. Wanda aka warware, a ba tela ko mai cajin waya a haya mai sauƙi, a kafa fitila mai aiki da hasken rana don a yi ciniki bayan isha'i.

Roƙona, Malam Edita, in za ku sake shirin, ku gayyato shugaban irin wannan ƙungiya, ku tambaye shi wa ake tararwa a ofishinsu ranar Talata da hantsi.

Naku,
Mai sauraronku daga Louisville