Kaurin Baƙin Mai Ba Shi Ne Ingancinsa Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu babur. Ni makanike ne a Garwa, kuma ba ranar da wani ba zai ce mini, "Maigida, zuba mini mai kauri, shi ne mai ƙarko." Wasu har murza shi suke yi da yatsa kafin su biya.

Aikin baƙin mai shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya raba su. Idan sandar inji na juyawa da sauri, ita da kanta take jan man ƙarƙashinta, sai ta hau kansa kamar kwale-kwale a kogin Binuwai. Tun 1883 wani injiniya a Ingila, Beauchamp Tower, ya ga haka: ya huda boris irin na jirgin ƙasa, ya toshe ramin da katako, ƙarfin man ya turo toshiyar waje.

Guga tana tsananta ne idan man da ke tsakani ya yi siriri har ƙarafan suka taɓa juna. Da asuba, lokacin tada inji, man duk ya gangara ƙasa. Haka in an labta buhuna uku da fasinja ana tafiya a hankali, ko a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, mai ya tsinke. Nan masu son kauri suke da 'yar hujja. Amma in kaurin ya zarce, man ne da kansa zai riƙe injin, ya ƙara shan fetur, ga jinkirin kaiwa saman inji da safe. Lambar kaurin mai da kamfani ya rubuta, 20W-50 ko 10W-40, ba ado ba ce.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne tsohon man da ake tacewa a ɗura a kwalba a bakin titi. Kauri dai yana da shi, wallahi, amma cike yake da garin ƙarfe da ƙurar hunturu, su ne ke cinye ringi da fistan.

Kuma man mota ba na babur ba ne. Kulocin yawancin baburanmu a cikin man yake aiki, yana bukatar ɗan kamu. Man mota mai santsi sosai sai ya sa shi sulɓewa. A duba galan, a nemi inda aka rubuta JASO MA, alamar man da ya dace da irin wannan kuloci, kafin a zuba.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Wani makaniken babur,
Garwa, Kamaru