Sanarwa: Kowa Ya Duba Sunansa a Tikitin Jirgi

Assalamu alaikum ƴan uwa matafiya Umara.

Tikitoci sun fito jiya. Don Allah kowa ya ɗauko fasfo ɗinsa ya gwada da tikitin, harafi bayan harafi. Mu nan an fi samun tangarɗa a Muhammad da Mohammed, ko A'isha da Aishatu. A wurinmu duk ɗaya ne, amma ma'aikacin filin jirgi abin da ke cikin fasfo kawai ya sani.

Wanda ya ga kuskure ya turo mini hoton shafin farko na fasfo da lambar ajiyar kujera, mai haruffa da lambobi shida ɗin nan. Ta lambata za a turo, ban da cikin rukuni.

Tunda ta hannun ejan muka saya, shi zai nemi kamfanin jirgin ya gyara. Gyaran harafi ɗaya ko biyu yakan yiwu, wani lokaci da ɗan caji. Mayar da tikitin ga wani mutum daban kuwa, wannan babu shi.

Iyayenmu mata da ba sa karanta boko, yara su duba musu. Kada mu baro Zariya sai a filin jirgin Malam Aminu Kano a tarar da matsala.