Yaya, ba korata aka yi ba

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kun wuni lafiya, ya jikin Inna, ya ƙafar tata, ya Anti da yara. Mu nan lafiya lau alhamdulillahi, sai sanyin Manchesta da ya fara shigowa da ruwan nan nasu da baya ƙarewa, ƙarfe huɗu da rabi gari ya yi duhu, amma duk mun saba.

Na ce bari in zauna in rubuta maka saboda a waya bama samun natsuwa, ko layi ya katse ko ka ce akwai mutane kusa da kai. Shekaranjiya Gwaggo ta turo min saƙon murya tana ta salati, wai ta ji an kore ni daga aiki, wai wata huɗu kenan ina zaune a ɗaki maman yara ce take riƙe da gidan, kuma wai maganar har ta kai kunnen Inna ta kwana biyu bata barcin kirki. Wallahi Yaya tunda na saurari saƙon nan ban samu sukuni ba. Nasan ta bakin da maganar ta fito, mutum ɗaya ne a nan ya san gidanmu kuma yake waya da su Kawu, bazan kama suna ba, Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Ba korata aka yi ba. Ni da hannuna na rubuta takardar ajiye aiki, na basu notis na wata ɗaya yadda kwantiragi ya ce, ƙarshen watan Yuni muka yi sallama lafiya ko cacar baki babu. Laifin da na yi shine ban gaya muku ba, kuma na amsa shi. So na yi sai abin ya tsaya da ƙafarsa in zo muku da labari mai daɗi, ashe shirun ne zai fi tayar wa Inna da hankali. Dan Allah ka fara bata haƙuri a madadina kafin in kira ta ranar Juma'a.

Aikin dai shine wanda ka san ina yi shekara bakwai ɗin nan, kula da lafiya da kariyar ma'aikata a wuraren gini da masana'antu, sai dai yanzu ba a ƙarƙashin kowa nake ba, kaina nake yi wa. Bari in maka bayani yadda zaka iya yi wa Inna da su Gwaggo. A ƙasar nan tun 1974 doka ta ɗora wa duk mai ɗaukar ma'aikata nauyin lafiyarsu a wurin aiki, a 1999 aka ƙara wasu ƙa'idoji, in ma'aikatanka sun kai biyar dole ka rubuta a takarda irin haɗarin da ke wurin da matakin da ka ɗauka, kuma dole ka samu wanda ya san aikin ya riƙa taimaka maka. Akwai hukuma ana ce mata HSE, su suke zagaye, suna iya tsayar da aiki ko su kai mutum kotu. Manyan kamfanoni suna da mutuminsu a ofis yana cin albashi kamar yadda nake a da. Ƙananan kuwa, mai ma'aikata takwas ko goma ko sha biyar, bazai iya biyan mutum albashin shekara akan wannan kaɗai ba, shine sai ya ɗauko irina kwana ɗaya ko biyu a wata, in zagaya wurin, in duba tsani da injina da wayoyin wuta, in rubuta masa takardunsa, in koyar da yaransa, ya biya ni kuɗin ranar. Shawara nake sayarwa da abin da na sani. Satifiket ɗin NEBOSH ɗin nan, wato takardar shaidar ƙwarewa a aikin kariyar ma'aikata, da na sha wahalar karatunsa da daddare lokacin da aka haifi babbar yarinyar, yau shi yake min rana.

Nasan zaka ce me ya kai ni barin albashin da ke shigowa duk wata. Yaya shekara uku ina kan kujera ɗaya babu gaba, ina ganin kuɗin da ake cajin kwastoma akan aikin da ni na yi shi tun daga farko har ƙarshe, ina kuma ganin abin da ke faɗowa akawun ɗina ƙarshen wata. Ba aibata su nake ba, sun riƙe ni da mutunci, amma na ga in ban motsa yanzu da sauran ƙarfina ba toh bazan taɓa motsawa ba. Da can ma babu hali, bizata a ɗaure take da kamfanin, in ka bar su sai ka samu wani ya tsaya maka. Sai da na cika shekara biyar na samu takardar zama ta dindindin, sannan na ƙara shekara biyu ina tara abin da zai riƙe mu wata shida ko da sisi bai shigo ba. Na yi istihara, na yi shawara da maman yara ta ce in yi bismillah. Tana nan tana aikinta kamar kullum, amma ba ita kaɗai ke riƙe da gida ba, a daina faɗin haka.

Yanzu ina da kwastoma uku, biyu na duk wata, ɗaya kuma sai ya kira. Da sun fi haka, amma na sa hannu tun farko cewa bazan nemi kwastomomin tsohon wurin ba sai bayan wata shida, kaga daga tushe na faro, Janairu wa'adin zai cika in sha Allahu. Na ukun nan ma ba ni na nemo shi ba, na farkon ne ya ba shi lambata ya ce ga wanda zai yi maka aiki tsakani da Allah. Ranar da na ji haka, da ranar da kuɗin farko ya shigo da sunana ba sunan wani kamfani ba, na so ace Baba yana raye.

Toh maganar kuɗi, nan nake so ka karanta a tsanake. Mai aikin kansa bashi da ranar albashi. In na gama aiki takardar neman biya nake turawa, a doka in baku yi wata yarjejeniya daban ba kwana 30 ake ba mutum, wasu sai sun cike talatin ɗin cif, akwai wanda yanzu haka ya haura kwana 50 kullum ce min yake mako mai zuwa. Doka ta bani dama in ɗora masa kuɗin ruwa, kashi 8 cikin ɗari a kan na babban bankin Ingila, amma kasan bazan ci wannan ba, haƙƙina kawai nake bi. Shi yasa kuɗin da nake turowa na watan Satumba ya zo muku a makare, na Oktoba kuma ya ragu. Ba mantawa na yi ba.

Sannan abin da ya shigo ba duka ne nawa ba. Da ina albashi kafin kuɗi ya iso hannuna an riga an cire haraji, yanzu ni zan yi lissafi in biya HMRC, hukumar harajinsu, da kaina. Shekarar harajinsu daga 6 ga Afrilu take zuwa 5 ga Afrilun gaba, fam 12,570 na farko babu haraji, abin da ya haura kashi 20 cikin ɗari, ga kuma kashi 6 na inshorar ƙasa. Biya kuma sai 31 ga Janairu bayan shekarar ta ƙare, wato nawa na farko ba Janairun nan mai zuwa bane, na bayansa ne, kuma a nan mutum yake shiga uku in ya yi sakaci, don yana ganin da nisa sai ya cinye, alhali ranar ba harajin shekarar kaɗai za su karɓa ba har da rabin na shekara mai zuwa, sauran rabin 31 ga Yuli. In takardar ta makara ko da kwana ɗaya ne tarar fam 100. Don haka duk abin da ya shigo ina cire kashi 30 in zuba a wani akawun daban, ko kallonsa bana yi. Ina gaya maka ne don kar wata rana a ce ai yana da kuɗi jibge a banki ya hana. Ba nawa bane.

Hutun kwana 28 da ake biyana a shekara babu shi yanzu, in na kwanta ciwo babu mai biyana, fansho ma ni zan riƙa zuba wa kaina, ga inshorar da na yanka saboda in na ba da shawara aka samu matsala kaina za ta dawo, tunda da sunana na yi rajista ba kamfani na buɗe ba, bashin sana'ar bashina ne. Duk ba wani abu bane, na lissafa su tun kafin in fara, kar ka ɗaga hankalinka, wannan ɓangaren ma basai Inna ta ji ba.

Yau na turo fam 250, kuma haka zai riƙa zuwa maimakon 400 daga nan zuwa Maris. Maganin Inna da ganin likitanta shine farko, kar a taɓa shi komai ya taso. Kuɗin makarantar Auta ka kai da kanka ka karɓo rasit, kar ka damƙa masa a hannu. Abin da ya rage na hidimar gida ne. Gini kuma a dakata haka nan, nasan an kusa rufi kuma nasan kai ka fi kowa shan wahalar tsayawa a kansa, wallahi kunyarka nake ji da nake rubuta wannan, amma a dakata. Kar a ɗauko siminti ko kwano bashi da sunana wai in kuɗi ya zo a biya, ko Kawu ne ya ce zai tsaya. In wani ya zo neman rance ka ce babu, ka ɗora laifin a kaina.

Maganar Auta kuma ta dame ni ƙwarai. Na ji yana yawo yana ce wa abokansa na buɗe kamfani zan ɗauko shi, har wai ya ciwo bashi don a yi masa hanyar biza. Ka zaunar da shi ka gaya masa ni ne da kwamfuta da mota da teburi a gefen falo, bani da ma'aikaci ko ɗaya, kuma ɗauko mutum daga waje sai kana da lasisi na musamman daga gwamnati wanda bani da shi. Ka binciko wurin wa ya karɓi kuɗin da kuma nawa ne, ka gaya min gaskiya kar ka rufa masa. Duk wanda ya ce zai yi masa biza da sunan aikina cutarsa zai yi. Ya tsaya ya gama karatun nan, shine abin da nake biya kuma shi kaɗai nake nema a wurinsa.

Zuwan da na yi alkawari a Disamba bazai yiwu ba bana. Duk ranar da ban fita ba babu kuɗinta, kuma in na ɓace wata guda yanzu kwastoma zai nemi wani. Shekara uku kenan ban ga Inna ido da ido ba, wani lokacin ina tuƙi da asuba zuwa wurin aiki sai in kunna tsohon saƙon muryarta da take sa min albarka in yi ta maimaitawa har in isa. Yaran ma kullum tambaya suke yaushe za a je. Kar ka gaya mata maganar Disamban, ni zan faɗa mata da bakina.

Ka tabbata dai ka gaya mata ba korata aka yi ba, ka gaya wa Gwaggo ma, in ta ji kowa ya ji. Magani farko, kuɗin makaranta da hannunka, gini a dakata, bashi da sunana babu. In kuɗin ya shigo ka min saƙo, ka ɗauki hoton rasit ɗin makarantar ka turo. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan kira, ka kasance kusa da ita don wayarta bata riƙe caji.

A gaida Anti da yara, a ce su Inna su ci gaba da sa mu a addu'a.

Naka,
ƙaninka