Kallon motsi da raya shi a zuci na iya taimakon masu shanyewar ɓarin jiki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin iyalan da ke jinyar masu shanyewar ɓarin jiki, cutar da hawan jini ke yawan jawowa ga dattawanmu, waɗanda sau da yawa ake kwantar da su a ɗaki su kaɗai, ba abin da suke kallo sai rufi. Abin da nake so su sani shi ne, kallon motsi da raya shi a zuci na iya taimakon majinyacin.

A farkon shekarun 1990, Giacomo Rizzolatti da abokan aikinsa a Jami'ar Parma da ke Italiya sun gano cewa akwai wasu ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar biri da ke aiki idan ya miƙa hannu ya ɗauki abinci, kuma su sake yin aiki idan yana zaune yana kallon wani ya ɗauka. A jikin ɗan Adam ana bin sawun wannan al'amari da na'urar EEG, wadda ke auna wutar ƙwaƙwalwa daga fatar kai. A cikin wannan wutar akwai wani bugu mai suna “mu”, mai maimaituwa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa, wanda ke raguwa idan mutum ya motsa hannu, ko ya kalli mai motsawa, ko ya raya motsin a zuciyarsa kawai. A 1992 ma, wasu masu bincike, Yue da Cole, sun nuna cewa waɗanda suka yi makonni 4 suna raya motsa ƙaramin yatsa a zuci sun sami ƙarin ƙarfi da kusan kashi 22 cikin 100, yayin da masu motsa shi a zahiri suka sami kusan kashi 30.

Sai dai shekaru suna da tasiri, kuma nan ne na fi so a lura. Jaririn da bai cika shekara ba ƙwaƙwalwarsa tana amsa motsin da yake kallo, ko da yake bugun nasa bai kai na babba sauri ba, amma iya raya motsi a zuci daidai yakan soma bayyana ne wajen shekara 5 zuwa 7, ya ci gaba da inganta har lokacin balaga. Shi kuwa dattijo bai rasa wannan baiwa ba, illa dai takan yi masa nauyi idan motsin mai wuya ne ko wanda bai saba ba, har lokacin da yake ƙiyastawa ya saɓa da wanda zai ɗauka a aikace. Saboda haka, a ganina, bai dace a ce wa Baba ya rufe ido ya yi tunanin motsi kawai ba. Gara a zauna gabansa a yi abin da hannunsa ya sani, kamar alwala, jan carbi ko ɗaukar kofi, a hankali, ya kalla, ya raya a ransa cewa shi ne ke yi, sannan ya gwada gwargwadon iko.

Wannan ba ya maye gurbin asibiti, ko maganin hawan jini, ko atisayen da likitocin gashin ƙashi ke bayarwa. Ƙari ne a kansu, kuma amfaninsa ya bambanta daga majinyaci zuwa majinyaci. Ina roƙon shafinku na lafiya ya gayyaci ɗaya daga cikin waɗannan likitoci ya bayyana wa masu jinya, da Hausa, yadda ake yin sa a gida da kuma waɗanda ya dace da su.

Wassalam.
Mai karatunku daga Kano