Anti ki taimake ni, in yi allurar testosteron ɗin nan ko in haƙura?

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri kan wannan fili. Na daɗe ina sauraronki amma ban taɓa zaton ni ma wata rana zan rubuto ba. Dan Allah ki ɓoye sunana da unguwarmu, ƙannen maigidana duk suna jin filin nan, kice kawai wata baiwar Allah daga Kaduna.

Anti ranar Juma'ar da ta wuce naji a bakin matar ƙaninsa cewa an kai kuɗin gaisuwar maigidana gidan wata yarinya a Kawo, yarinyar da bata girmi 'yata ta biyu ba, kowa a dangi ya sani sai ni. Ni ba auren ne ya ƙona min rai ba wallahi, Allah ne ya halatta masa, ni wacece da zan hana. Abin da ya hana ni barci shi ne maganar da akace ya faɗa wa yayarsa da ta tambaye shi dalili, wai yace "ai ita yanzu ɗan'uwana namiji ce, sai dai mu gaisa." Ni Anti? Bayan shekara 27 da yara biyar, sirrin ɗakina ne ake tattaunawa a tsakar gidan yayarsa, matar da tun ina amarya bata ƙaunata.

Bari in koma baya dan ki gane. Shekarata 49, malamar firamare ce ni. A 2021 aka min tiyata aka cire min mahaifa saboda ƙari, faibiroid ɗin nan, jini ya dinga zuba har sai da aka ƙara min jini, na zata in an cire shikenan na huta. Ko warkewa ban gama yi ba wani abu ya fara, zafi ya taso min daga ƙirji ya haye wuya da fuska, gumi ya jiƙa ni sharkaf, a tsakiyar hunturu fa, kowa na lulluɓe da bargo ni ina neman fanka, in NEPA sun ɗauke wuta sai in fita tsakar gida in zauna. Barci ya ƙaurace, mantuwa kuwa har sunan ɗalibin da nake gani kullum sai ya ɓace min, ga saurin fushi, yarana har cewa suke Mama ta canza. Sannan ki gafarce ni, dole in faɗa tunda shi ne tushen maganar, gabana ya bushe, duk lokacin da ya kusance ni kamar an zuba min barkono, sha'awa kuma ta tafi gaba ɗaya, ko a raina bana jin komai. Ban taɓa hana shi haƙƙinsa ba sai in bani da lafiya, nasan hukuncin, ina zuwa Islamiyya, amma mutum yana gane wadda take daurewa kawai, shi kuma maimakon ya tambaya me ke damunki sai ya juya baya ya kama danna waya.

Babu abin da ban yi ba. Kowa cewa yake ciwon sanyi ne, na sha maganin sanyi na asibiti da na gargajiya har na gaji. Kayan mata kuwa daga na 'yan Sakkwato har na 'yan Nijar, tsumi, gumba, dahuwar kaza, na matsi, albashina a nan yake ƙarewa, wani na matsin ma ƙara min raɗaɗi yayi. Ƙanwar babana tace sammu ne, aka min ruƙiyya. Shi ko sisi bai taɓa bani ba dan wannan, ko lokacin tiyatar ma yayana ne ya cika kuɗin, amma yana da na kai gaisuwa Kawo.

Sai daga baya wata malama da muke aiki tare ta haɗa ni da wata likitar mata a wani asibitin kuɗi, ita ce ta fara ce min ba sanyi bane, ɗaukewar al'ada ce. Nace likita ai ni tun da aka cire mahaifa bana al'ada. Ta duba takardun tiyatar tace ai ba mahaifa kaɗai aka cire ba, har da ma'ajiyar ƙwai duka biyu. Au na manta ban faɗa miki wannan ba tun farko, kuma shi ne babba. Tace yawancin mata tsakanin shekara 45 zuwa 55 abin yake zuwa musu a hankali, ni kuwa rana ɗaya aka yanke min, shi ya sa ya zo da ƙarfi haka. Ta ɗora ni kan ƙwayar istrojin, wato sinadarin mata da ma'ajiyar ƙwai ke samarwa, tace tunda bani da mahaifa bana buƙatar ɗayan maganin, projestaron, shi dama dan kare mahaifa ake haɗawa da shi. Gaskiya zafin nan da gumin dare sun ragu sosai, na fara barci. Na ɗan ajiye maganin na wani lokaci saboda maƙwabciyata tace yana kawo kansar nono, kuma Anti kowace mace taji haka ai zata tsorata, ga tsada, ga babu mai tayani saya. 'Yar yayata da take aikin nas a Ingila ce ta min bayani, tace tsoron ya samo asali ne daga wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002, yawancin matan ciki sun haura shekara 60, kuma ɓangaren waɗanda aka cire wa mahaifa suke shan istrojin kaɗai ba a ga ƙaruwar kansar nono a cikinsu ba. Na koma sha. Amma sha'awa shiru, gajiya ma tana nan.

Ita 'yar tawa ce ta fara kawo min maganar testosteron. Nace ke wannan ba sinadarin maza bane? Tace Anti mata ma suna da shi, kaɗan ne dai, ma'ajiyar ƙwai tana samar da shi da wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda, kuma macen da aka cire wa ma'ajiyar ƙwai duka biyu nata yakan faɗi kusan rabi. Tace a can Ingila tun 2015 ƙa'idar likitocinsu ta yarda a gwada wa mace shi idan tana kan istrojin amma sha'awa bata dawo ba, a Ostireliya ma akwai man shafawa na mata zalla, AndroFeme, da hukumarsu ta amince da shi a 2020, Amurka kuma har yau basu da wanda aka yi wa rajista dan mata. Wallahi ranar ji nayi an gano ciwona. Ban jira kowa ba na tafi wani lab a cikin gari na biya kuɗi masu yawa aka ɗebi jinina, sakamako ya fito lambar can ƙasa.

Na kai wa likita takardar da murnata, ina jiran ta rubuta min, sai matar nan ta kalli takardar ta ajiye gefe. Wai lambar ba ita ke nuna ciwo ba, akwai mata da yawa nasu a ƙasa yake kuma lafiyarsu ƙalau, wasu nasu daidai amma suna da irin matsalata, kuma wai yawancin na'urorin gwajin dan adadin maza aka yi su, in abu yayi ƙasa sosai irin na mata basa auna shi daidai. Wai amfanin gwajin shi ne a san inda aka tashi kafin a fara magani, sai a sake bayan sati 3 zuwa 6 dan a tabbatar bai wuce na mace ba, in an yi wata 6 babu canji a daina. To in haka ne ai gashi na yi gwajin, me ya rage? Tace a'a, sai mun bi mataki. Wai in bar ƙwayar sha in koma istrojin na shafawa ko na mannawa a fata, saboda na sha yana bi ta hanta ya ƙara wani furotin a jini da yake ɗaure ɗan testosteron ɗin da ya rage min. Wai bushewar kuma maganinta daban, akwai istrojin na sakawa a gaba, tace macen da take jin zafi duk lokacin kwanciya ba sinadarin da zai sa ta yi marmari sai an fara kawar da zafin. Ta ƙara min da gwajin suga da na tayiroid, wata halitta da ke maƙogwaro, da na ƙarancin jini saboda gajiyar. Nace to ai testosteron ɗin zai magance gajiyar da mantuwar, haka naga ana faɗa a TikTok, tace a 2019 manyan ƙungiyoyin likitoci na duniya sun fitar da matsaya ɗaya, abu guda kawai aka tabbatar yana yi wa macen da ta daina al'ada, shi ne rashin sha'awar da ke damunta, maganar ƙarfi da kaifin ƙwaƙwalwa babu isasshiyar hujja.

Sannan ta tambaye ni wai yaya zamanku da maigida, kuna hira, yana tausaya miki? Anti raina ya ɓaci. Yarinya ce fa, bata fi sa'ar ƙanwata ta uku ba, ni magani nazo nema ba sulhu ba. Tace in dawo bayan wata uku. A lokacin ban san da maganar Kawo ba, yanzu ance bayan Sallah za a ɗaura, ina naga wata uku?

To ga inda nake. Akwai wata ƙawata a Barnawa, ita ma ta daina al'ada, tace in rabu da likitocin nan da dogon turancinsu, akwai wani mai kemis da yake mata allurar testosteron mai suna Sustanon 250, tace cikin 'yan kwanaki zaki ji kin dawo yarinya, mijinta har tambaya yake me ta sha. Na je na same shi, yace yana da ita, har yace mata da yawa suna zuwa. Amma Anti da na zauna kusa da ƙawar tawa a wajen wani suna na lura da ƙuraje a fuskarta da gashi a haɓarta tana ta jan mayafi tana rufewa, muryarta ma kamar ta yi kauri, ko mura take ban sani ba. Na kira 'yata ta Ingila, yarinyar nan har ihu ta min a waya, tace allurar ta maza ce, abin da ake ba mace bai wuce kashi ɗaya cikin goma na namiji ba, wajen miligiram 5 a rana ana shafawa a fata, ita kuwa allurar 250 ce a zuba miki lokaci ɗaya kuma in ta shiga ba a iya fitar da ita. Tace gashin fuska, zubewar gashin kai ta gaba, ƙuraje, gaban mace ma yana iya girma, murya kuwa in ta buɗe ba lallai ta koma ba ko an daina. Mutumin da yace na zama namiji ina zaune lafiya, in na fito da gemu kuma me zai ce wa yayarsa? Amma kuma ita tana can Ingila da likitoci a ƙofar gida, bata san abin da ake ji ba in za a kawo miki 'yar shekara ashirin da wani abu. Nace to ta aiko min da na shafawar, tace sai da takardar likita kuma sai ana bin jinina, bata isa ba. Kowa dai da dalilinsa.

Kuma abin da ba wanda yake faɗa, shi ma fa ba kamar da yake ba. Yana da ciwon suga shekara da shekaru, baya kiyaye abinci, sau da yawa shi ne yake kasawa, ni na rufa masa asiri ko uwata ban faɗa wa ba, na sha ganin ƙullin maganin maza a aljihun rigarsa in zan bada wanki nayi shiru. Yau ni ce mai laifi. Ina da hawan jini ma ina shan magani, ban san ko yana da alaƙa ba, ban tuna ko na gaya wa mai kemis ɗin ba.

Anti ni dai ki faɗa min gaskiya, allura ɗaya tak kafin bikin zata min illa? Ko in nemi wani likitan, wasu sunce in tafi asibitin Shika wajen manyan likitocin mata, ko a can za a yarda a bani jel ɗin testosteron na maza in dinga shafa ɗan kaɗan kamar yadda akace ana yi a waje? In kuma likitar nan ce mai gaskiya, ki faɗa min, zan daure in koma, duk da ban sayi na sakawar da ta rubuta ba tukuna saboda kuɗin sun tafi a gwaji. Amma tsakani da Allah ko sha'awar ta dawo gobe ban san ko zan iya kallonsa ba bayan wannan magana. Shin in tare shi in ce naji abin da ya faɗa? In nayi haka matar ƙaninsa zata shiga uku dan za a gane ita ta gaya min. Ko in ja shi wajen likita yaji da kunnensa cewa lalura ce ba ƙiyayya ba, mutumin da ko dubiya sau ɗaya yazo lokacin da nake kwance? Yayana yace in taho gida Zariya in huta har a gama bikin, babbar 'yata tace in na fita na bar wa yarinya gida. Har yanzu shi bai buɗe baki ya sanar da ni ba, jiya ma ya ci tuwona yace yayi daɗi. In ya zo da kayan faɗar kishiya in karɓa ko in ce ya riƙe ya biya min kuɗin magani da su?

Dan Allah ki karanta a wannan satin, in da hali ki gayyato likita mace. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Taki,
Uwar yara biyar, Kaduna