Magana na shaƙe ni, amma dariya na fita lafiya lau

Assalamu alaikum Likita. Allah ya saka da alheri a kan wannan fili.

Ni malamar firamare ce, shekaruna sun haura arba'in. Tun bara muryata ta fara yi mini gardama, kuma ba dashewa irin ta mura ba ce. In na ɗauki rajista zan kira sunayen yara, sai suna ya tsinke a tsakiya kamar an maƙure ni, sai na yi ta yunƙuri, jijiyoyin wuya sun tashi, kafin sauran ya fito. A waya abin ya fi muni. Amma in na yi dariya, ko raɗa, ko na rera wa yara waƙa, sai murya ta fito sumul.

Wannan ne ya jawo mini surutu. Uwar mijina ta ce shafar aljanu ce, tunda abin yana zaɓen lokaci. An yi ruƙiyya, na sha rubutu, zuma da citta da kanumfari kuwa har sun gundure ni. A makaranta kuma wasu na ganin lambo nake yi don a rage mini aiki. Wallahi wannan ya fi ciwon ƙona mini rai.

Daga baya na ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Ya zura siririn bututu mai kyamara ta hancina, ya sa ni karanta jimloli yana kallon allo. Ya ce babu ƙari, babu ciwon daji, alhamdulillah. Sunan cutar sifasmodik disfoniya: saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa tsokar maƙogwaro ne ke rikicewa, sai tantanin murya guda biyu su matse juna ba a kan lokaci ba. Ta fi kama mata, galibi tsakanin shekara 30 da 50. Har ya ce irinta ce ke damun Robert F. Kennedy Jr., wani ɗan siyasar Amurka.

Ya ce ba a warkewa gaba ɗaya, sai dai sauƙi. Ana yin allurar Botox, wani magani mai sassauta tsoka, a tsokar maƙogwaron, ta yi aiki wata 3 zuwa 4, sannan a sake. A kwanakin farko murya kan yi rauni, ruwa ma ya riƙa sarƙe mutum. Da albashin malanta, ban san ta inda zan ɗauki wannan ba.

Likita, allurar ba ta lalata maƙogwaro in an daɗe ana yi? Horon murya kaɗai, wajen masu gyaran furuci, zai iya riƙe ni a aji? Ko in nemi a mayar da ni ofis tun kafin a ce na gaza? Sannan ta yaya zan fahimtar da surukata cewa cutar jijiya ce ba tare da ta ga na raina addu'arta ba? Maigida yana goyon bayana, amma a gabanta shiru yake yi.

Taku,
Wata malama daga Zariya